Agogon Mai Tafiya

Duk wanda ya yi karatu a makarantar sakandaren nan ta bayan tashar mota, ko ya manta sunan shugaban makarantar, ba zai manta Mai Akwati ba. Malamin kimiyyar fizik ne, siriri, mai saurin tafiya kamar an biyo shi, bakin aljihunsa kullum fari fat da alli. Bai taɓa zama shugaba ba, bai kuma taɓa nema ba. Da tsohuwar motarsa, da matarsa tela, da 'yarsu tilo, ya ce duniya ta ishe shi haka.

Akwatin da ya ja masa sunan nan ba wani abin a zo a gani ba ne, tsohon tankin kifi ne na gilashi da ya samo a wurin 'yan gwanjo. Sau ɗaya a shekara yake fito da shi. Ranar zai yi sammako zuwa kamfanin askirim ya karɓo busasshiyar ƙanƙara, irin wadda ba ta zama ruwa, sai dai ta yi ta hayaƙi har ta ɓace. Zai shimfiɗa ta a tire, ya ɗora baƙin farantin ƙarfe a kanta, ya jiƙa wani ƙyallen bargo da ke manne a gindin tankin da sifirit, sannan ya kife tankin a kan farantin. A saki baƙin labule a tagogi, a kashe fitila, a haska tocila ta gefe. Daga nan sai jira, kuma shi ne mai wuyar, domin ko teburin ka girgiza ka ɓata aikin. Mutumin da ko shayi ba ya iya sha a zaune, a gaban akwatin nan sai ka rantse dasa shi aka yi.

Can sai wani siririn tururi ya kwanta a kan farantin. Kana cikin kallo sai ka ga farin zare ya gilma a cikinsa, miƙaƙƙe, ya tsaya ƙiftawar ido ya watse.

"Sawun baƙo ne wannan," Mai Akwati zai ce, murya ƙasa-ƙasa kamar kada baƙon ya ji. "Sunansa muyon. Can sama aka haife shi, sama da inda jirage ke bi, lokacin da wasu ƙwayoyi daga sararin samaniya suka yi karo da iska. Duk rayuwarsa, in aka yi matsakaici, kamar kashi biyu ce cikin miliyan na daƙiƙa ɗaya. Ko da gudun haske yake yi, bai kamata ya wuce tafiyar daga nan zuwa tasha ba kafin ya tarwatse. To ga shi a ajinmu. Wa ya kawo shi?"

Ɗalibai su yi ta kallon juna. Sai ya bar su su ɗan sha wuya kafin ya ba su amsa.

"Gudunsa ne ya kawo shi. Abin da ke gudu dab da gudun haske, in kai kana tsaye kana kallonsa, agogonsa a hankali yake tafiya. Kafin ɗan lokacin nan ya cika a agogonsa, namu ya yi nisa, shi kuma ya iso. Wani abin kuma, ba ya tsufa. Babu mai nuna muyon ɗaya ya ce ga lokacin da zai mutu. Wani nan take, wani sai ya daɗe. Taronsu kawai ake iya lissafawa."

Matarsa, wadda yake kira Tela ko a gaban baƙi, ita ce ta ɗinka baƙin labulen nan, ita ce kuma ke yanka masa sabon ƙyallen bargo duk shekara. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin zaren da idonta ba. Ranar gwajin kullum ranar aiki ce, ga masu ɗinki a tsaye a kanta, in kuma ya dawo gida ƙanƙarar ta riga ta ƙare.

"Baɗi zan kawo shi gida ki gani," zai ce.

"Wannan baɗin naka, Malam, a ƙafa yake tahowa," za ta ce, ta ciji zare ta ci gaba da aikinta.

Labarin kuwa ta haddace shi tsaf, don ba ta da mafita. Mijinta ba ya hirar ƙwallo, ba ya ta siyasa. Ko 'yarsu, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata, da labarin muyon aka yi mata reno, shi ya sa wataƙila ta gudu ta zama ma'aikaciyar jinya. Wata rana da yamma yana zaune a bakin ƙofar ɗakin ɗinkin yana maimaita karatunsa, sai Tela ta ɗauke ƙafarta daga keken ɗinkin.

"Wai Malam, shi baƙon nan naka, ya san ya daɗe?"

"A'a," ya ce. "A wurinsa kwanansa bai ƙaru ko kaɗan ba. Hanyar ce ta gajarce masa."

"Ashe mai kallo ne kawai ya ci riba."

Ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce gobe ita za ta karɓi ajin. Ta ce to ya zo ya karɓi wuyan rigar nan da ta ƙi zama. Magana ta wuce, shekaru suka bi ta kanta.

Ciwon Tela ya shigo a hankali. Rama ce ta fara, sai gajiya, sai ta riƙa barin keke tun rana ba ta yi sanyi ba. Uwata ce ta matsa aka je gwaji. Likitan da ya kira su ofishinsa dattijo ne mai sanyin baki, bai yi musu kwana-kwana ba. Ya ce ciwon daji ne, ya riga ya bazu, masu irin wannan yawanci watanni ne, kuma shawararsa a rage mata zafi a bar ta a gida cikin iyalinta.

Tela ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Mai Akwati kuwa ya gyara zama kamar an yi masa tambaya a aji.

"Likita, matsakaici lissafin taro ne. Bai san mutum ɗaya ba."

"Haka ne, Malam."

"To shi ke nan."

Gaskiya ya faɗa, ba wanda zai ƙaryata shi. Abin takaicin ke nan da mutumin nan, ko kuskure zai yi sai ya dafa gaskiya ya hau. Ya ɗauki hutu a makaranta, ya cire tarkacen da ke bayan mota, ya shimfiɗa ƙaramar katifa da matasai biyu. Duk inda ya ji an ce akwai wani likita, ko wata sabuwar na'ura, ko wani magani da ake gwadawa, to kafin a rufe baki ya tayar da mota. Daga wannan asibiti zuwa wancan, daga wannan gari zuwa wancan, ba ji ba gani.

Tela ta san dogayen benci na jiran likita har ta fara bambance masu kushin da marasa shi. Ta san warin maganin goge ƙasa, da ƙarar keken marasa lafiya mai ƙafa ɗaya a karkace, da ɗakunan kwana na haya masu labule mai ƙura. Idan tana kwance a bayan mota, abin da take gani ta taga wayoyin lantarki ne da kawunan itatuwa. Shi kuma yana gaba, hannu biyu a kan sitiyari, yana yi mata lissafin awa nawa suka rage.

Duk dawowar da suka yi gida, kafin ta huta sai ta ce, "Malam, ka kawo akwatin nan in gani mana."

"Bari mu dawo daga wannan tafiyar."

Yakan ce ƙanƙarar sai an yi oda, aikin kuma yini guda yake ci, su kuwa ba su da yinin zubarwa. Wannan ta baki ce. Ta ciki ita ce tsoro yake ji. A ransa, ranar da ya ɗauko akwatin nan ya ajiye a gabanta, to ya yarda ke nan babu baɗi. Muddin motar na tafiya, gani yake ajalin bai san inda suke ba.

Watannin da likita ya faɗa suka cika suka wuce. Mai Akwati ya riƙa faɗa wa duk wanda ya zo dubiya, fuskarsa har sheƙi take yi. Bai lura ba cewa Tela ta daina neman allurarta. Da farko zare ne ya ƙi shiga, ta ba Uwata ta zura mata. Daga baya ta ɗinka maɓalli baƙi a farar riga, ta yi dariya ta ce sabon yayi ne. Uwata ba ta yi dariya ba. Ta sami ubanta a tsakar gida yana duba man mota.

"Baba, Mama ta gaji."

"Na sani. In mun dawo za ta huta."

"Baba, ciwon ya fara taɓa idonta. Abu ɗaya take roƙonka tun da aka fara. Don Allah ka bar ta ta zauna."

Ya rufe murfin injin da ƙarfi. Tun da ya haife ta bai taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ya ce ita da ke aikin asibiti ita ce za ta fara sallamawa? Ya ce da sun bi ta likitan farko da yanzu ana wani zancen. Uwata ta tsaya tana kallonsa hawaye na zuba, sannan ta koma ciki ta haɗa jakar uwarta, domin ta san ba zai fasa ba.

Sun yi nisa a wannan tafiyar, rana tsaka, sama tas babu ko ɗigon gajimare, sai muryar Tela ta taso daga baya.

"Malam, hadari ne ya haɗo?"

Ya kalli madubi. Idanunta a buɗe suke, suna kallon taga.

"Me kika gani?"

"Duhu-duhu nake gani. Wayoyin ma sun ɓace."

Ya ƙara taka mota. Ya ce saura kaɗan, a can akwai likitan ido, yanzu za a duba.

"Tsaya, Malam."

"Saura kaɗan, Tela."

"Don girman Allah ka tsaya."

Ya gangara gefen titi. Manyan motoci suna wucewa suna girgiza tasu. Ya buɗe ƙofar baya ya durƙusa a kan tsakuwa, ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"Ni ba baƙon nan naka ba ce," ta ce, ba faɗa a muryarta, sai gajiya. "Ni ina tsufa. Yau ba jiya ba ce a jikina. Kai kana ƙirga watanni kana murna, ban hana ka ba, don na san don ni kake yi. Amma ni a nan baya ban ga sun ƙaru ba. Rabona da in zauna da kai mu yi hira, ba ka kallon hanya, har na manta. Kai ni gida."

Ya daɗe a durƙushe, tsakuwa na cin gwiwarsa. Sannan ya tashi ya juya motar.

Washegari ya yi sammako zuwa kamfanin askirim, ya biya makaranta ya ɗauko akwatin da baƙin labulen. A ɗakin ɗinkinta ta ce a yi. Suka ture keken gefe, suka kawar da guntayen yadi daga kan teburin yanka, Uwata ta jingina uwarta da matasai a kan kujera dab da teburin. Ƙyallen bargon na bara ne, ya ɗan ƙeƙashe, amma ya sha sifirit. Sai da ya kife tankin sau biyu kafin ya zauna daidai. Ya rataya labulen a taga, hantsi ya koma duhu. Uwata ta riƙe tocila.

"Yanzu sai me?" in ji Tela.

"Sai jira."

"Kai ɗin?"

Uwata ta yi 'yar dariya, hasken tocilar ya motsa, ya ce ta riƙe da kyau. Sanyin ƙanƙarar ya fara ratsa ɗakin. Tururin ya kwanta a kan farantin, lafiyayye, irin wanda ba kowace shekara yake samu ba. Sai ga zare ya gilma, dogo, daga wannan kusurwa har waccan.

"Ga shi nan! Kin gani?"

"Ina?"

"Dab da farantin. Bari wani ya zo. Ga wani. Ga shi ta gefenki."

Tela ta matso da fuskarta har goshinta ya kusa taɓa gilashin. Ta ƙanƙance ido, ta buɗe.

"Hasken dai nake gani, Malam. Kamar fitila a bayan yadi."

Ya karɓi tocilar ya sauya mata wuri. Ya aika Uwata ta ɗauko babba daga mota. Ya goge gilashin da hannun rigarsa, ya matso da kujerar, ya ɗaga labulen ya sake saki. Yana ta kai-kawo har teburin ya girgiza, tururin ya hargitse. Da wata ɗaya da ya wuce ne, da ta gani. Ya san haka, Uwata ma ta sani, ba wanda ya faɗa.

"Zauna," Tela ta ce. "Kai ka ce ba a girgiza shi. Zauna ka ba ni hannunka. In ya wuce ka faɗa mini."

Ya zauna. Tururin ya sake kwanciya.

"Ga ɗaya," ya ce, ya matse hannunta.

"Dogo ne?"

"Dogo ne. Miƙaƙƙe, kamar ɗinkinki."

"Ka dai iya daɗin baki da tsufanka."

"Ga wani. Wannan gajere ne."

"Allah sarki."

Haka suka yi ta yi. Wani lokaci su zo a jere, wani lokaci a daɗe ba ko ɗaya, a tsakani kuma hira ta shigo da kanta. Ta tuna masa ranar da ya fara kawo mata wando ta rage masa tsawo, ya dawo sau uku yana cewa bai yi ba, har wandon ya kusa zama gajere. Ya ce ƙarya take yi masa, sau biyu ne. Uwata ta ce ita ba ta taɓa jin wannan ba. Tela ta ce akwai da yawa da ba ta ji ba, ubanta bai bar wa kowa fili ba sai muyon.

"Ashe suna da yawa haka," ta ce can.

"Ko'ina suke. Ta rufin nan suke shigowa, ta jikinmu ma suna wucewa. Akwatin nuna su kawai yake yi."

"Duk shekarun nan, ina nan ina ɗinki suna wucewa?"

"Suna wucewa."

Ta jinjina kai, kamar an ba ta labarin wasu maƙwabta da ba ta san da su ba. Ƙanƙarar ta yi ta raguwa, tururin ya yi ta sirancewa. La'asar ta yi lokacin da ya daina ganin komai, amma bai faɗa ba, ya ci gaba da riƙe hannunta. Ita ta gane da kanta.

"Ta ƙare ko?"

"Ta ƙare."

"To na gode, Malam. Yau dai na ga ka zauna."

Nan ya kifa kansa a kan teburin yanka ya yi kuka, irin kukan da bai yi ba ko ranar da ya rasa uwarsa. Ta ɗora hannu a kan furfurarsa tana cewa ya isa, zai jiƙa mata yadin mutane.

Ba ta daɗe ba bayan nan. A ɗakinta ta cika, da safe, Uwata na gefe ɗaya shi yana ɗaya.

Masu ta'aziyya suka cika ƙofar gida, kusan duk bakinsu ɗaya. Malam, ka yi ƙoƙari. Likita ya ce watanni, ka kai ta shekara. Samun miji irinka sai an tona. Yana amsawa da amin, yana godiya, kowace kalma kuma tana sukarsa, domin ya san a agogon wa aka ƙirga shekarar nan. Ita abin da ta samu a ciki wayoyin lantarki ne, da benci, da yini guda a ɗakin ɗinki bayan idon ya tafi. Bai gaya wa kowa ba. Wa zai fahimta, ana yaba masa?

Ya koma makaranta da hutun ya ƙare. Saurin tafiyar nan ya ragu, motar ma ta fi yini a ƙarƙashin bishiya. Da lokacin gwajin ya zagayo ya yanka ƙyallen bargon da kansa, a karkace, da almakashinta. Ya jera komai yadda ya saba, ya saki labulen da ta ɗinka, ya ba da labarin baƙo da agogonsa ba tare da ya rage komai ba. Abu ɗaya ne ya sauya. Da tururin ya kwanta sai ya miƙa wa ɗalibar da ke gaba tocilar, ya ja kujera ya zauna.

"In ya wuce ku faɗa mini," ya ce.

Ɗalibai suka ɗauka ya gaji da ganin abin ne, shekara da shekaru. A duhun ba wanda ya lura ya rufe idonsa.

"Ga ɗaya, Malam."

"Dogo ne?"

"Dogo ne."

Ya gyaɗa kai, ido a rufe, hannunsa a buɗe a kan gwiwarsa, yana jiran su faɗi na gaba.